Daga Makuba Zuwa Tayil: Sauyin Fuskar Gida a Biranen Hausa

Gabatarwa

Masu nazarin ginin Hausa sun fi mai da hankali a kan tsarin gida, watau zaure da shigifa da tsakar gida da turaka, ko kuwa a kan gwanintar rufi irin su bakan gizo da ɗaurin guga. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne fuskar ginin, wato ɗan abin nan da ake shafa wa bango da rufi da ƙasan ɗaki bayan an gama aza tubali. Kaurinsa bai wuce na yatsa ɗaya ko biyu ba, amma shi ido ke fara gani, shi ruwan sama ke fara duka, kuma da shi jama'a ke auna arzikin mai gida. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi sauyin da ya sami wannan fuska daga zamanin makuba da laso zuwa na siminti da tayil, a nuna cewa a da shafe wani sashe ne na aikin bango, yana taimakonsa wajen yaƙi da ruwa da zafi, amma a gidajen yanzu ya zama riga da ake sayowa a kasuwa a sa wa gini, ko ta dace da shi ko ba ta dace ba.

Shafen gargajiya da sana'o'in da ke bayansa

Bangon Bahaushe na asali da tubali ake yin sa. A kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a mulmula ta da hannu mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini yakan jera tubalan kan nan yana duban sama, yana cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bangon yana da kauri a gindi yana sirancewa yayin da yake hawa. Irin wannan bango yana da ƙarfi matuƙar ya bushe, amma ba shi da maƙiyi kamar ruwa. Saboda haka duk dabarun shafe da magina suka ƙirƙiro, manufarsu ta farko ita ce su raba bango da damina.

Mafi sauƙinsu shi ne yaɓe, watau a shafa wa bango sabuwar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Sama da shi akwai makuba. Idan aka ɓare ɗorawa aka cire garinta, aka kai kalwa wurin masu daddawa, sai ɓawon ya rage. Shi ake dakawa a jiƙa, ruwan ya yi ja-ja-ja, a kwaɓa ƙasa da shi ko a yayyafa wa shafen da aka riga aka yi. Abin da ke cikin ɓawon nan dangin wanda ke cikin bagaruwar majema ne, yana ɗaure ƙasa ta yi tauri, ruwa ya riƙa zamewa a kanta. Akwai kuma cafe, inda ake danna ƙananan tsakuwa a jikin ɗanyen shafe, don ruwan da iska ke korowa daga gabas ya daki dutse kafin ya kai ga ƙasa. Ba banza ba ne magina suka fi kula da bangon gabas, domin daga can hadari ke tasowa.

Sarkin shafe kuwa shi ne laso, kuma a kansa ya kamata a ɗan daɗe, don shi ya fi nuna yadda gini yake rataye da sauran sana'o'in gari. Abu uku ake haɗawa. Na farko katsi, watau laka mai shuɗi da ke taruwa a gindin ramin marina bayan baba ya gama aiki; a kwashe ta, a cura, a shanya, a ƙone, a dake. Na biyu gashin jima, wanda majema ke kankarewa daga fatun awaki. Na uku dafara, wadda ake daka saiwarta a jiƙa ta yi yauƙi. Katsi shi ne jikin shafen, gashi ya hana shi tsagewa, dafara ta haɗa su. Da laso ake shafe kan soro da rawanin gini da bakin indararo, kuma da shi marina da kansu suke shafe ramukansu don kada ruwan baba ya tsiyaye. Ke nan rufin mai arziki a Kano ko Zariya ko Katsina, daga sharar marina da ta majema yake samun kariyarsa. Abin da wata sana'a ta zubar, shi wata ke nema.

Ƙasan ɗaki ba aikin magina ba ne, na mata ne. Idan za a yi wa amarya ɗaki, sai a yi gayyar mata, a zuba tsakuwa da marmara, a yayyafa ruwa, su durƙusa da madaɓai suna bugu tare, ana yi ana zuba makuba har daɓen ya yi santsi ya yi duhu. Don bugun ya zo ɗaya ne suke waƙa, kuma daga nan aka sami waƙoƙin daɓe, waɗanda masu nazarin adabin baka suka sa a cikin waƙoƙin aiki na mata tare da na daka da na niƙa. Bango kuma daga ciki a shafe shi da farar ƙasa, sa'an nan a yi jere.

Ado a jikin bango

Da yake shafen nan ɗanye ake yin sa da hannu, bai yi wa magini wuya ya mai da shi ado ba. A zamanin da, adon ya fi yawa a cikin ɗaki, a fadoji da masallatai da gidajen sarauta. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), shi ne misalin da aka fi ambata: ginshiƙai da bakuna duk an fitar musu da zane daga jikin ƙasar kanta. A ƙarni na 20 adon ya fito waje ya mamaye ƙofar gida, musamman a gidajen 'yan kasuwa da ma'aikata da suka sami kuɗi ba su gaji sarauta ba. Banda dagi da takobi da sauran zanen da ya yi kama da na ɗinkin riga, sai ga keke da agogo da mota da jirgin sama a jikin zaure. A. H. M. Kirk-Greene ya yi ɗan littafi a kan waɗannan gidaje a 1963, Friedrich Schwerdtfeger kuma ya shafe shekaru yana bin su a Zariya, Hamman Tukur Sa'ad ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1981 a kan yadda magina da kansu suke auna kyan gini. A birnin Damagaram ma akwai irin wannan ado a tsohuwar unguwar Birni.

Wani abin lura a nan shi ne, ba siminti ne ya fara kashe wannan ado ba. Da farko ma taimakonsa ya yi. Magini ya gane idan ya shafa siminti marar kauri a kan zanen ƙasa, ko ya tsaga zane a jikin ɗanyen siminti, adon zai yi shekaru bai zaizaye ba, kuma zai karɓi fentin kanti mai launi iri-iri. Yawancin gidajen da ake nunawa a hotuna a matsayin adon gargajiya na Hausa, da shuɗi da kore da rawaya, 'ya'yan wannan haɗin ne na shekarun 1950 da 1960.

Shigowar siminti da kwano

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma tun daga lokacin kayan gini masu nauyi suka sami hanyar zuwa Arewa. Amma sun daɗe suna tsaye a gine-ginen gwamnati da kantunan kamfanoni da Sabon Gari. Masana'antar siminti ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka kuma a 1979. Tsakaninsu ne kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji, har a 1975 jiragen ruwa ɗaruruwa ɗauke da siminti suka yi cirko-cirko a tashar Ikko suna jiran a sauke su. A waɗannan shekaru ne gidan bulo mai rufin kwano ya zama burin kowane ma'aikaci, gidajen da gwamnatoci suka gina wa jama'a, har da waɗanda ake kira da sunan Shagari, suka ƙara tabbatar masa da cewa haka gidan zamani yake.

Ba a rasa dalili ba. Ginin ƙasa yana son kulawa duk shekara, wanda kuwa ya yi sakaci da yaɓe zai ji a jikinsa cikin watan Agusta; sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Azara, watau tsagin giginya da gara ba ta ci, ba ta cika ɗaukar faɗin da ya wuce mita 2 ba sai da dabarar gwani, ga shi kuma giginyar ta yi wuya kusa da birane. Tagogi ƙanana ne, ɗaki da duhu. Ƙasar ginin ma daga kududdufan cikin gari ake haƙo ta, su kuwa matattarar sauro ne. Mutumin da ke aikin ofis daga safe zuwa la'asar ba shi da lokacin tsayawa a kan yaɓe, kuma gayya ta fara zama jinga. Wanda ya zaɓi bulo ba wauta ya yi ba.

Inda aka yi asara ta fili shi ne wurin waɗanda ba su iya rushe tsohon gida ba, sai suka yi wa bangon ƙasa fulastar siminti mai kauri don ya yi kama da na bulo. Ƙasa tana shan laima tana kuma fitar da ita, tana kumbura da damina tana ƙanƙancewa da rani. Siminti ba ya bin ta a wannan motsi. Da zarar ya tsage ruwa ya shiga, ba shi da hanyar fita, sai ya zauna a bayan fulastar yana cin bangon a ɓoye. Daga waje gida lafiya lau, har ranar da shafen zai ɓamɓaro faifai guda, a ga rami a bayansa. Makuba tana zaizayewa a hankali a gaban idon mai gida, ya gani ya gyara. Fulasta kuwa ba ta ba da sanarwa.

Sai maganar zafi. Bango mai kauri na ƙasa yana shanye zafin rana ya riƙe shi sa'o'i da yawa kafin ya kai ciki, saboda haka da azahar ɗaki yana da sanyi. Da dare, lokacin da bangon ke sakin zafin, mutane suna tsakar gida ko kan soro idan bazara ce, idan kuwa hunturu ne ɗumin nan shi ake so. Bulo mai inci 6 ko inci 9, da rami a cikinsa, ba shi da wannan jiki. Kwano kuma yana ɗaukar zafi nan take ya sauke shi a kan silin. A garin da zafin watan Afrilu yakan kusanci digiri 40, irin wannan ɗaki ba ya zaunuwa sai da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, su kuwa sai da lantarki. An ɗauke wa bango aikin da yake yi kyauta, an ɗora wa janareta.

Gidan yanzu: ado ya koma falo

Wanda ya zaga sababbin unguwannin Kano ko Kaduna ko Maraɗi zai ga cewa ƙofar gida ta daina magana. Abin da ke fuskantar titi katanga ce mai tsawo da ƙofar ƙarfe, wani lokaci da waya mai ƙaya a samanta. Babu zaure da baƙo zai tsaya ya yi sallama, babu dakali da maƙwabta za su zauna da yamma. Abin da ake iya hangowa daga waje shi ne rufi, shi ya sa aka mai da gasar can: kwano mai launi, mai tsawo, da tsini kamar na ƙasashen da dusar ƙanƙara ke sauka. Zanko, wanda a da shi ne alamar soro, ya rage a ƙofofin gari da aka sabunta da gine-ginen gwamnati, an zuba shi da kankare.

Adon da ya bar ƙofar gida falo ya koma. Ƙasan ɗaki ya bi matakai a cikin ƙarni guda: daɓe, sa'an nan daɓen siminti, sa'an nan leda a kan simintin, sa'an nan kafet bango zuwa bango, yanzu kuma tayil. Silin ya tashi daga azara da ake jerawa a yi mata ado, zuwa allon asbestos, zuwa na roba, zuwa farin garin nan da ake kwaɓawa a zuba a fitar da matakala da zobba, a ɓoye fitilu a ciki, wanda ake kira fi'ofi. Bango yana shan fenti mai ƙyalli ko takardar ado, wurin talabijin kuma a yi masa allo na musamman. Tayil ɗin daga Sin da Sifen da Italiya yake zuwa, wani kuma daga masana'antun jihohin Ogun da Kogi, a saye shi a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja. Cikin masu ɗora shi da masu aikin silin akwai 'yan Togo da Benin da yawa, waɗanda suka yi suna da tsabtar aiki. Mai gida ba ya cewa gwani wane ya yi masa. Cewa yake daga ƙasa kaza kayan suka zo.

Tayil yana da amfaninsa, bai kamata a ƙi faɗa ba. Yana da sauƙin shara da wanki, ba ya tara ƙurar hunturu kamar kafet, kuma da zafi yana da daɗin takawa. Amma an yi shi ne don mutanen da ke zama a kujera da takalmi a ƙafa. Bahaushe kuwa har yanzu a ƙasa yake salla, a ƙasa yake cin tuwo, a ƙasa yake gaida na gaba da shi. Don haka sai a kashe kuɗi a shimfiɗa tayil, a sake kashe wasu a rufe shi da darduma. Idan ruwa ya zuba yana da santsi, musamman wurin alwala, tsofaffi ne kuma suka fi shan wuyar wannan. A gidajen masu hali ma an fara ware falo guda babu kujeru masu ƙafa, sai kilisai da matasai a jikin bango irin na Larabawa, abin da alhazai da 'yan kasuwa suka gano a Makka da Dubai. Zaman da kakanninsu suka yi a zaure bisa tabarma da buzu, shi suka sayo daga waje.

Wannan ya nuna cewa tsarin gida bai mutu tare da kayan gininsa ba. Mai zanen gida da ya san abokan cinikinsa yakan yi falo biyu: na mai gida, mai ƙofa daga waje da makewayinsa, inda baƙi maza ke tsayawa, da na iyali a ciki. Na farkon zaure ne da aka sa wa silin. Jeren ɗakin amarya ma yana nan, sai dai ya tashi daga ƙore zuwa tasoshi, zuwa kwanoni masu fure da ake jerawa har rufi, zuwa kabad mai gilashi, yanzu kuma ya bazu har kicin. Al'ada ta fi shafe tsawon rai.

Harshe ya riƙe tarihin wannan sauyi. Kusan duk sunayen sababbin kayan aro ne daga Ingilishi: siminti, bulo, rodi, fenti, fulasta, silin, tayil, falo, har da birkila wanda ya zauna kusa da magini. Wasu tsofaffin kalmomi sun sami sabon aiki, kamar daɓe a cikin daɓen siminti, da shafe wanda har yanzu ake faɗa wa fulasta. Soro a bakin Bakano yana nufin zaure ko da da bulo aka gina shi. Amma laso da katsi da cafe da makuba ba su sami abin da za su hau ba, kuma ɗaliban jami'a da yawa da suka tashi a birni sai a ƙamus suke gamuwa da su. Waƙoƙin daɓe kuwa sun tafi tare da madaɓi. Mafi nauyi duka shi ne abin da ya sami kalmar gidan ƙasa. A da ba a bukatar faɗarta, tun da gidan sarki ma na ƙasa ne. Yanzu idan aka ce wane a gidan ƙasa yake, ba kayan gini ake nufi ba, talauci ake nufi.

Komawa ga ƙasa

Wannan ma'anar ce ke tare wa masu son dawo da ginin ƙasa hanya, fiye da duk wata matsala ta fasaha. Fasahar akwai ta. Ana haɗa jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan, a matse ta da inji ta fito bulo mai kusurwa, wanda ba a ƙonawa, yana da ƙarfi, yana kuma riƙe zafi kusan kamar tubali. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta yi aiki a kan irin wannan bulo da injinansa. A Nijar aka fi ganin sakamako. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A 2016 Mariam Issoufou da abokan aikinta suka kammala gidaje shida masu bene a Yamai da matsattsen bulon ƙasa, aikin da suka kira Niamey 2000, da nufin nuna wa masu matsakaicin ƙarfi cewa ana iya zaman birni a gidan ƙasa ba tare da jin kunya ba. A 2018 kuma ita da Yasaman Esmaili suka gama sabon masallaci a Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa, suka gyara tsohon masallacin ƙasa na garin suka mai da shi ɗakin karatu, tare da magina na wurin.

Sai dai waɗannan ayyuka kaɗan ne, kuma bulon da aka yi amfani da shi a Yamai da sabon masallacin Dandaji ba tubali ba ne, siminti ke ɗaure shi. Tsohon shafen kansa ya fi wuyar dawowa, don ba a hannun magini kaɗai yake ba. Ko a gyaran gine-ginen tarihi sau da yawa siminti ake sawa a fente shi da launin ƙasa, saboda wanda zai haɗa laso na gaske sai ya fara neman katsi. Marinar Ƙofar Mata a Kano tana nan, amma ramukan da ke aiki a cikinta kaɗan ne daga waɗanda aka haƙa, yawancin masu rini kuma sun koma ga garin rini na kanti da ake dafawa a garwa, shi kuwa ba ya barin katsi.